Lambu a Filin Aro

Karatu: Irmiya 29:4-7, Yunana 4:5-11

 

Yau ina so mu yi tunani tare a kan wata tambaya da wata dattijuwa ta yi mini a bakin kwata, a unguwar New Bell cikin birnin Duwala na ƙasar Kamaru. A farkon shekarar 2021 ne. Ta tarar da mu muna kwasar juji daga wani kango da ke bayan majami'armu, mu wajen goma sha biyu, da shebur uku da baro guda mai karkatacciyar ƙafa. Ta sauke kwandonta, ta tsaya tana kallonmu. Can ta ce, "Fasto, filin naku ne?" Na ce, "A'a, Mama." Ta ce, "An yi muku alkawari za a bar muku shi?" Na ce, "Aro aka ba mu, sai ranar da masu shi suka tashi yin gini." Ta girgiza kai ta ce, "Ɗana, kayan aro ba ya rufe katara. Don me za ku ƙarar da ƙarfinku a kan abin da za a tumɓuke gobe?" Ta ɗauki kwandonta ta wuce. Ban sami abin faɗa mata ba a ranar.

Tambayar nan ta fi lambu girma. Kai da kake zaman haya, sau nawa ka ga abin gyara a gidan ka kau da kai, ka ce ai ba na ubana ba ne? Kai da neman abinci ya kai ka garin wasu, sau nawa ka ce a ranka, ni dai in tara abin da zan tara in koma gida? Shin hikima ce ko wauta mutum ya yi aikin kirki a wurin da ya san ba za a bar masa ba?

Wanda bai san Duwala ba, bari in ɗan kwatanta masa. Birni ne a bakin kogin Wouri, kusa da inda kogin ke shiga teku. Ƙasar kwari ce, wurare da yawa dā fadama ne da kurmin bakin ruwa. Ruwan saman da ke sauka a shekara yakan haura milimita 3,500, wajen ninki huɗu ke nan na abin da Kano ke samu. A watannin Yuli da Agusta akan yi kwanaki ba a ga fuskar rana ba. Ɗan Arewa da ya saba da addu'ar roƙon ruwa, in ya zo nan sai ya koyi roƙon a ɗauke shi. A watan Yuni na 2015 ambaliya ta cinye unguwanni da dama, bayanta kuwa hukuma ta rushe gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa a Makepe Missoke. A watan Agusta na 2020 ruwan ya sake zuwa, mutane suka tashi da asuba suka ga katifu da tukwane suna yawo a tsakar ɗaki. In ruwa ya ja baya kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai zafi mai gumi ya sauka a kan rufin kwano, har dare ba ya barin mutum ya yi barci.

Masana yanayi suna gaya mana cewa duniya tana ƙara ɗumi, kuma duk lokacin da iska ta ƙara zafi da digiri ɗaya, takan iya ɗaukar ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin 100. Abin da ta ɗauka kuwa sai ta sauke shi, sau da yawa a lokaci guda. Teku ma yana ta ɗagowa a hankali. Idan ruwan sama mai ƙarfi ya haɗu da cikar teku, ruwan kwata ba ya samun mafita, sai ya komo mana. Mu ma muna ƙara wa kanmu. Duk wanda ya sami ɗan kuɗi yakan malale tsakar gidansa da siminti don gudun taɓo. Ba na ganin laifinsa, ni ma na yi. Amma ruwan da ƙasa ba ta sha ba, ina za shi? Gidan maƙwabci za shi, wanda ya fi ka kwari kuma ya fi ka talauci.

Ita New Bell ɗin kanta, tun asali wurin zaman wucin gadi ce. Jamusawa ne suka yanke ta sa'ad da suke mulkin Kamaru. Sun so su kwashe mutanen Duwala daga bakin kogi su mai da wurin unguwar Turawa, su tura 'yan ƙasa can baya, su kuma bar wani fili mai faɗin kilomita ɗaya a tsakani wanda ba mai gini a cikinsa, wai don kiyaye lafiyar Bature. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, ya kai ƙara har Jamus, suka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. Ba a yi wata biyu ba Jamusawan da kansu suka rasa birnin cikin yaƙi. Yawancin mutanen Bell ba su yarda su zauna a sabuwar unguwar ba, sai ta zama ta baƙi: Hausawa fatake da mahauta, Bamileke, Basa, Ewondo da sauransu, kowace kabila da ɓangarenta da shugabanta. Har yau kana jin sunayen, New Bell Hausa, New Bell Bamileke, New Bell Basa, Kongo. Mutane suka kafa ɗakunan katako da kwano, irin na wanda ba ya nufin daɗewa. Yau an haura shekara 100, jikokinsu da tattaɓa-kunnensu suna nan, wasunsu kuma har yanzu suna cewa za su koma gida baɗi.

To, a irin wannan unguwa, inda gida ke jingine da gida, kango ba ya zama banza. In ba a gina shi ba, juji zai gina kansa. Namu kangon bai fi taku goma sha biyar a tsawo da goma a faɗi ba. Mai shi ya rasu, 'ya'yansa ba su da halin gini tukuna. Shara ta taru har ta fi tsawon yaro, in an yi ruwa kuma ledoji da robobi su gangara su toshe kwatar layinmu. Bayan ambaliyar 2020 ne matan zumunta suka ce sun gaji. Muka je wurin mai unguwa, shi ya nemo mana babban ɗan mamacin. Aka rubuta takarda: ba za mu gina bango ba, ba za mu dasa itacen da ke daɗewa ba, kuma ranar da suka nemi filinsu za su ba mu wata guda mu kwashe namu. Shaidu biyu suka sa hannu, dattijon ikkilisiya ɗaya, da wani Alhaji mahauci wanda gidansa ke kallon filin.

Asabar uku muka yi muna kwasa. Da muka kai ga ƙasa sai muka tarar cike take da fasassun kwalabe da tsofaffin batura, don haka ba mu yarda mu shuka ganyen miya a cikinta ba. Muka ari dabarar da matan Kibera a birnin Nairobi suka shahara da ita tun wajen 2008: a tsai da buhu, a jera tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa zuwa sama domin ruwa ya ratsa, a cika gefe da ƙasa mai kyau da taki, a huda jikin buhun a dasa a kowace huda. Alhaji ya sa yaransa suka kawo mana kashin shanu. Buhu ɗaya yakan ɗauki alayyafo da yakuwa da barkono, in an ce tashi kuma mutum biyu sun isa su ɗauke shi. A kusurwar da ruwa ke taruwa muka sa ayaba, gama ita ba ta ƙin laima. Gwanda kuwa muka yi mata tudu, don in ruwa ya kwanta a gindinta saiwarta ruɓewa take yi. Muka kewaye bakin filin da ciyawar shayin nan da ake kira sitronel, ta riƙe ƙasa kada ta zube cikin kwata. Shuwaka, wadda mutanen nan ke yin miyar ndole da ita, reshe kawai ake karyawa a soka, ta kama. Mun yi kuskure ma. Mun jera tsofaffin tayu don ado ba mu huda su ba, kafin mako biyu muka zama masu kiwon sauro, har maƙwabta suka yi mana magana.

Ba mu ne farkon masu irin wannan tunani a Duwala ba. A 2010, lokacin wani taro da ƙungiyar doual'art ta shirya a kan batun ruwa, wani Bafaranshe mai suna Lucas Grandin ya gina lambun katako mai hawa-hawa a Bonamouti ta Deido, wanda ke tara ruwan sama yana ɗiga wa tsire-tsire. A New Bell kuma wani ɗan ƙasar Holan, Kamiel Verschuren, ya rufe buɗaɗɗun kwatoci da katako domin mutane su sami wurin takawa. Kowa ya san katako ba ya tsufa a ruwan Duwala, ruɓewa yake yi. Sun sani, suka yi.

Kafin shekara ta zagayo gwandar ta fi ni tsawo, ayaba ta buɗe ganye. Wani kafinta ya haɗa mana benci biyu da ragowar katako. Mai tuyar ƙosai ta matso da kaskonta inuwar. Da rani yaran makarantar allo da yaran makarantar Lahadi suka riƙa rigimar wanda zai yi ban-ruwa. Tsofaffi da ɗakin kwano ke kora da tsakar rana suka sami wurin zama. Da damina ta sauka kuma, ruwan wannan ɗan fili ƙasa ta riƙa shan rabonta, kwatar layin ba ta toshe kamar dā ba.

Yanzu bari mu duba Irmiya. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarkin Yahuza da manyan gari da masu sana'a zuwa Babila. A sura ta 28 wani annabi mai suna Hananiya ya yi shelar cewa cikin shekara biyu kowa zai komo. Ka yi tunanin yadda mutum zai zauna in ya gaskata wannan. Ba zai kwance ƙunshinsa ba. Ba zai gyara rufi ba, balle ya haƙa rami ya sa iri. Zai zauna a kan jakarsa yana ƙirga watanni, garin da yake ciki kuwa ko ya ƙone ba ruwansa. Sai ga wasiƙar Irmiya da umarnin da ba wanda ya so ji: su yi gini, su yi lambuna su ci amfaninsu, su yi aure su aurar, su kuma nemi alherin birnin nan da ya cinye su, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa.

Ka lura da abu ɗaya, ɗan'uwana. Allah bai ce musu Babila ta zama tasu ba. A cikin wasiƙar nan ɗaya ya yanka musu wa'adi, shekara 70. Watau lambun da aka ce su yi, lambu ne da za a bari. Wanda ya dasa dabino a bakin kogin Yufiretis ya san wata rana Bababile ne zai sha inuwarsa. Duk da haka aka ce ya dasa. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne. Gaskiya ne, amma ka fita da sassafe ka taɓa ciyawa. Raɓa ba ta kai hantsi, duk da haka ba ta tafiya sai ta jiƙa abin da ta kwana a kai.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ce na amsa wa Mama. Amma akwai wani gefe wanda ban so in faɗa ba, sai dai ya zama dole, gama a nan ne na kusa faɗuwa.

Da lambun ya yi kyau, wani daga cikin dattawanmu ya kawo shawara a taron majalisa. Ya ce mu dasa mangwaro biyu da kwakwa, mu kafa 'yar rumfa mu riƙa yin addu'ar safe a ciki. In shekaru suka yi nisa, in ji shi, zai yi wa magadan wuya su tashe mu, wataƙila ma filin ya zama na ikkilisiya, ai aikin Allah ne. Ya san abin da yake faɗa. A nan Kamaru, tun dokokin ƙasa na 1974, raya fili yana cikin abubuwan da ake dubawa wajen neman takardar mallaka, a bisa al'ada kuma itace mai 'ya'ya shaida ce ta mai wuri. A ƙasar Hausa ma wanda aka ba aron gona yana shuka gero da wake, amma ba ya dasa mangwaro sai da izini. Wannan ne dalilin da ya sa masu filaye da yawa suka gwammace juji da lambu. Juji ba ya kai mutum kotu.

Ina gaya maka gaskiya, shawarar ta yi mini daɗi. Majami'armu ta yi mana kaɗan. Na kwana biyu ina neman ayar da zan jingina da ita. Har na sayo dashen mangwaro ɗaya na ajiye a bayan ɗaki. Wata yamma Alhaji ya hango shi, ya tsaya ya ce, "Malam Fasto, wannan na ina ne?" Na yi 'yan kame-kame. Ya ce, "Ni dai hannuna yana kan takardar nan. Marayu ne suka ba mu amana." Bai ƙara ko kalma ba, ya wuce masallaci. Na ji kunyar da ban taɓa ji a kan bagade ba. Mutumin da nake addu'a ya ga hasken Almasihu a cikina, shi ne ya tuna mini da abin da Dokoki Goma suka faɗa a kan ƙyashin abin maƙwabci. Washegari na ba wani ɗan'uwa dashen ya kai ƙauyensu.

Ka ga yadda aikin kirki ke iya zama tsanin sata? Wanda ya shuka a filin aro da niyyar kada ya mayar, ba lambu yake yi ba, shinge yake kafawa da ganye. Kuma ba kansa kaɗai ya cuta ba. Duk mai kango a unguwar da ya ji labari, ba zai ƙara ba kowa aro ba.

Ba laifi ba ne a so abu ya daɗe. A birnin Niyok na Amurka, a 1973, wata mace mai suna Liz Christy da abokanta suka share wani kango mai juji suka yi lambu, a shekara ta gaba hukumar birnin ta ba su hayarsa a kan dala ɗaya a wata. Irin waɗannan lambuna suka yaɗu har suka kai ɗaruruwa. A 1999 hukuma ta tashi yin gwanjon fiye da 100 daga cikinsu, wasu ƙungiyoyi biyu suka tara kuɗi suka saye su ana gab da gwanjon. Wasu lambunan sun tsira ta haka, wasu kuwa an rushe su an yi gidaje. Wanda ke son fili ya zama na jama'a, ga hanya nan: a roƙa a fili, a yi ciniki a fili, a biya. In an ce a'a, a'a ce.

Ranarmu ta zo a watan Nuwamba na 2023. Ba a ba mu watan da aka yi alkawari ba. Kwana tara aka ba mu, domin ɗan mamacin ya sami rancen da ba zai jira ba. Da safe motar yashi ta juye kayanta a kan sitronel. Gwanda huɗu suna ɗauke da 'ya'ya ɗanye, ayaba ɗaya ta fitar da kai bai ƙosa ba. Na tsaya ina kallo wani saurayi ya sa adda, sara ɗaya ɗaya, abin shekara uku ya kwanta cikin minti goma. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga ɗaki na soma shirya wa'azi a kan masu karya alkawari, na kuwa san wanda nake nufi.

Cikin neman ayoyi na faɗa a kan sura ta 4 ta Yunana. Ka san labarin. Annabin ya fita bayan birnin Nineba ya zauna yana jira ya ga ko za a hallaka ta. Allah ya sa wani tsiro ya tashi ya yi masa inuwa. Masu fassara ba su daidaita a kan sunansa ba, wasu sun ce zurma ce, wasu sun ce dangin duma ne. Yunana ya yi murna da shi matuƙa. Kashegari tsutsa ta cinye shi, iskar gabas mai zafi ta taso, rana ta bugi kan annabin har ya roƙi mutuwa. Sai Allah ya auna masa abu biyu a ma'auni: ga tsiron kwana ɗaya wanda bai yi wahalarsa ba amma yana jin tausayinsa, ga kuma birni mai mutum fiye da 120,000 da dabbobi masu yawa, wanda ba ya jin tausayinsa ko kaɗan.

Na yi gardama da nassin. Na ce, Ubangiji, Yunana bai yi wahala ba, mu kuwa mun yi. Hannuwanmu sun yi kanta, kwalba ta yanki ƙafar wata 'yar'uwa har aka yi mata ɗinki. Gaskiya ne kuma, ba na janye wannan. Wanda ya yi gumi a kan abu yana da dalilin baƙin ciki, kuma kwana tara ba wata guda ba ne, an yi mana ba daidai ba. Amma da na ƙara zama da surar, sai wata tambaya ta taso mini: domin wa muka yi lambun? Mun ce domin mutanen unguwa. To, su waɗanda za su yi ginin fa, ba mutane ba ne? Sai a lokacin na tambaya, aka gaya mini ɗakuna uku za a yi, ɗaya na gwauruwar mamacin ce, wadda tun rasuwar mijinta take raɓe a gidan wani a unguwar da ruwa ke shiga kowace damina. Shekara uku ina cin gwandar filinta, ban taɓa tambayar inda take kwana ba. Na san adadin buhunanmu, ban san wannan ba. Allah bai tsauta wa Yunana don ya ji daɗin inuwa ba, ai shi ya ba shi ita. Abin da ya tone shi ne inuwar ta fi masa mutane. Na yaga wa'azin.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da zancen abin da ɗan lambu zai iya yi. Taku goma sha biyar na ƙasa ba za su tare ambaliyar Duwala ba. Wannan aikin manyan magudanan ruwa ne, irin waɗanda hukuma ta gina da tallafin Faransa, da yashe su a kan kari, da hana gini a bakinsu. Tun 2014 dokar hana siraran ledoji ta fara aiki a ƙasar nan, amma duk wanda ya leƙa kwata ya san inda aka kwana. Wasu suna cewa in talakawa suka riƙa yin irin namu, suna sauke wa hukuma nauyinta ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai abin da na gani da idona dabam ne: mutanen da suka yi Asabar uku suna kwasar juji tare, su ne suka iya haɗa kai suka je wurin mai unguwa a kan maganar kwalbatin bakin titi. Dā ko sunan juna ba su sani ba.

To, me zan ce wa Mama? Zan ce, tuwon da kika ci jiya ya ƙare, amma ba ki kira shi asara ba. Rani biyu cur tsofaffin layinmu sun zauna a inuwa, inuwar kuwa ta gaske ce. Miyar da aka yi da alayyafon buhu an sha ta, adda ba ta isa ta sare ta ba. Damina uku ruwa bai shiga ɗakin mai ɗinkin da ke ƙarshen layi ba. Idan sai abin da zai dawwama ne kaɗai ya cancanci wahalarmu, to ba za mu share ɗaki ba, ba za mu yi jinyar tsoho ba. Littafin Firistoci sura 25 ma ya tuna wa Isra'ilawa cewa ƙasar ta Allah ce, su baƙi ne a wurinsa. Mai takardar fili da ɗan haya, bambancinsu tsawon wa'adi ne.

Ba zan ɓoye maka yadda abin ya ƙare ba. Ginin ya tashi, an malale gabansa da siminti, a daminar 2024 ruwa ya sake taruwa a ƙarshen layi, ko da yake bai kai na dā ba tun da ana yashe kwatar duk ƙarshen wata. Wasu masu zubar da shara sun koma wata kusurwa. Buhuna goma sha takwas muka raba wa gidaje, wajen rabinsu sun mutu don ba mai kula. Sauran suna nan a bakin ƙofofi. 'Ya'yan ayabar Alhaji ya kwashe ya dasa a bayan gidansa, yakan aiko mini da nawa rabo. Gwauruwar ta tare a ɗakinta, mun je mun yi mata barka, ni da matan zumunta.

In akwai irin wannan kango a layinku, a Sabon Gari ne ko a Zongo ko a ina, ka fara da neman mai shi, kada ka fara da shebur. Ku rubuta takarda a gaban mai unguwa, da shaidu daga kowane ɓangare. Ku shuka abin da ke saurin girma da abin da za a iya ɗauka. Kada ku yi ban-ruwan ganyen ci da ruwan kwata. Tun ranar farko kuma ku gaya wa yara cewa wata rana za a mayar, domin su ne suka fi yin kuka a wurinmu.

Ranar da muke rabon buhuna, sai ga dattijuwar nan da kwandonta. Ta dubi yashin, ta dubi kututturan gwanda, ta ce, "Fasto, ban faɗa maka ba?" Na ce, "Kin faɗa, Mama." Ta ɗan yi shiru, sa'an nan ta nuna tarin rassan shuwaka da sandarta ta ce in zaɓo mata uku masu kauri. Na ce, "Mama, ai ke ma haya kike yi, ina za ki sa su?" Ta ce tana da tsohon bokiti wanda gindinsa ya riga ya huje.